Jirgin da Ake Yi Wa Ban Ruwa

Mijina kafinta ne, kuma ya yi shekaru yana ƙera jiragen ruwa a ƙauyen da babu kogi. Duk wanda na faɗa wa haka sai ya ɗauka ba'a nake yi. Ba na ganin laifinsu, don ni ma da na zauna a gidan har yau ban gama gane abin ba.

Ƙauyenmu yana arewa da Kano, inda gona take manne da gona, gero da dawa har bakin ƙofa. Ni 'yar birni ce. Aikin koyarwa ne ya kawo ni firamaren garin, aure kuma ya zaunar da ni. Sa'ad da na aure shi, Malam ƙofa yake yi da taga da benci, kamar kowane kafinta mai hankali. Muna da 'ya'ya uku aka fara aikin dam a Watari, ya tafi can yana yi wa 'yan kwangila aikin katako. A cikin injiniyoyin akwai wani mutumin bakin teku da kewar ruwa ta dama. Shi ne yake zama da Malam a ranakun hutu, har suka ƙera ɗan jirgi da ragowar katako. Da aiki ya ƙare mutumin ya koma garinsu. Ya bar wa Malam zane-zane a cikin gwangwani, ni kuma ya bar mini miji wanda ba ya maganar komai sai jirgi.

A lokacin ana jin daɗi a ƙasa. Manyan Kano sun gano wani abu wai shi shan iska a kan ruwa. Ranar Asabar sai su zo dam da motoci da kuloli da yara, su shiga jirgi su zagaya, su jefa fatsa, su kama kifin da bai kai tafin hannu ba, su koma gida suna murna. Na sha tambayar Malam, "Wai ina za su?" Sai ya ce, "Ba inda za su, Malama." In ce, "To kifin sayarwa za su yi?" Ya ce a'a. Jirgi ne da ba ya kai mutum ko'ina, ba ya kuma ciyar da shi. A nan na fara rikicewa.

Iri uku ya ƙera, ɗaya bayan ɗaya. Na farko yana kiransa ɗan fatsa, na mutum biyu, da wani katako mai faɗi da ba ya jin ruwa, wanda ake kawowa daga waje, ana haɗa shi da gam. Shi ya fi yi da yawa. Ranar da katakon da gam ɗin suka daina shigowa ƙasar, sai ya tattara ma'aunan ɗan fatsa, ya ɗaure su da igiya, ya rataye a azarar zaure, ya ce wannan ya yi ritaya. Na biyu shi ne mai rumfa, na iyali, da benci mai katifa da wurin ɗaura inji a baya. Shi kuma inji ne ya kashe shi: in ya lalace babu kayan gyara, in bai lalace ba babu mai. Mun ji labarin wani da ya mai da nasa akurkin tattabaru. Malam ya ɗaure ma'aunan mai rumfa ya rataye kusa da na farko.

Na uku shi ne mai ɗaki, kuma guda ɗaya tak ya yi. Wani Alhaji mai fataucin hatsi ne ya zo har ƙofar gidanmu, ya ce a yi masa wanda ya fi na kowa, in an gama zai aiko da babbar mota. Malam ya yi shi da falankin maɗaci da ƙusoshin tagullar da suka rage masa. Akwai ɗaki a ciki, da ƙofa, da gado biyu ƙanana, da tagogi masu zagaye. Falankan ƙasa da na hanci duk sai da aka lanƙwasa su, kuma ni na yi wannan wahalar: ina hura wuta a ƙarƙashin rabin duro, ina tafasa ruwa, shi kuma yana kwarara wa katako har ya yi laushi ya bi inda ake so. Tsakanin falanki da falanki ya cusa abawa, ya toshe da kwalta da kakin zuma. A bayan gida ya yi shi, cikin katanga, a wani faffaɗan rami mara zurfi ƙarƙashin tsamiya, ya ɗora shi a kan gumagumai. Ɗan tsani mai taku uku kawai kake hawa ka shiga.

Ban faɗi ba, Malam bai iya iyo ba, kuma bai taɓa shiga jirginsa ko ɗaya a kan ruwa ba. In aka saka sabo a dam, yana gaɓa yake tsayawa da hannu a baya, kamar wanda ya rako baƙo tasha.

Aka gama mai ɗaki, aka yi masa fenti fari da shuɗi, muka zauna jiran babbar mota. Maimakon ita sai shekarun tsuke bakin aljihu suka zo. Sabulu da madara sai an yi layi, albashinmu na malamai ya koma sai an ga dama, sannan damina biyu a jere ta gaza. Ruwan dam ya ja baya ya bar laka, masu shan iska suka ɗauke ƙafa, jiragen da aka bari a gaɓa mutane suka ɓalle katakonsu suka hura wuta. Alhaji bai aiko ba.

A nan ne aka fara ban ruwa. Kullum da safe Malam zai ja bokiti biyu daga rijiyar gidanmu, ya shiga jirgin, ya ɗaga allunan daɓen ɗakin, ya zuba a cikin cikinsa, ya yayyafa wa gefe, ya rufe da tsofaffin buhuna. Ya yi mini bayani ba sau ɗaya ba. Wai katakon jirgi in ya bushe sai ya tsuke, in ya tsuke sai bakin falanki ya buɗe, in ya buɗe an gama. Na ce, "Ashe ba don ya hana ruwa shiga ka yi shi ba?" Ya ce haka ne. Na ce, "To yanzu kuma kai ne kake zuba masa a ciki?" Ya ce haka ne. Ina koya wa 'yan aji shida lissafi, amma wannan ya fi ƙarfina.

Mutanen gari ba su bar shi ya huta ba. In ya fito masallaci sai wani ya ce, "Malam, ya tsiro kuwa?" Wani ya ce a gwada sa masa taki. Yana dariya tare da su. Ni ce ba na dariya, don ni nake ganin ƙasan rijiya. Na ce ya kai shi dam mana ya jiƙa da kansa. Ya ce ina motar, kuma wa zai yi gadinsa, kuma ma ba shi da ikon saka jirgin mutum a ruwa kafin mai shi ya gani. Wannan jirgin shi ne abin da ya rage masa na sana'ar da ya fi so, na san haka. Ranar da jirgin ya buɗe baki, Malam zai koma mai gyaran ƙafar benci har ƙarshen ransa. Sanin hakan bai hana ni jin haushi ba.

A rani na uku babbar 'yarmu ta dawo gida haihuwar fari. Ta sauka lafiya, ta sami mace. Yayar Malam, wadda kowa yake kira Gwaggo, ta tattaro kayanta ta tare a gidanmu don ita za ta yi wa mai jego wanka. Gwaggo mace ce gajera mai faɗa, ta yi wa rabin matan garin wankan jego, kuma a wurinta kwana arba'in kwana arba'in ne, safe da yamma, da ruwan da in ka sa yatsa sai ka cire. Ko ana fari ko ana ambaliya, wannan bai shafe ta ba.

Washegarin suna Malam ya ɗauki jakar kayan aikinsa. Rumbu ya kusa ƙarewa, kuma ya ji ana neman kafintoci a Dawanau, ana kafa rumfunan hatsi. Ya ce zai yi wata guda ko fiye. A bakin zaure ya tsaya ya ce, "Malama, ga amana. Bokiti biyu, kullum." Na ce to. Ya ce, "Zan kuma duba ko zan ga Alhaji a can." Na ce Allah ya sa. Ya yi taku kaɗan ya dawo ya ce, "Ko ranar Juma'a." Na ce na ji, ya tafi kawai kafin in canja ra'ayi.

Lokacin rijiya tana ba mu bokiti shida da asuba, in an jira ta tsattsafo da yamma a sami biyu. Kwana huɗu da tafiyarsa ta koma huɗu da asuba, da yamma kuwa sai laka. Rijiyar unguwa ta riga tamu ƙafewa. Na zauna na yi lissafi: sha da girki da alwala, wankin tsummokin jaririya, akuya biyu, tukunyar wanka safe da yamma, sannan jirgi. Ko ta ina na juya shi bai fita ba. Na je na ce wa Gwaggo ko za a rage ruwan wankan kaɗan.

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke da iliminki? Ki rage wa 'yarki ruwa, ta kumbura, sanyi ya shige ta, don ki shayar da katako?"

Na ce, "Yaya, amana ce ya ba ni."

Ta ce, "Ita kuma wannan da take kwance, wa ya ba ki ita?"

Na daina kai wa jirgi ruwa. Rana ta farko ban ji komai ba sai sauƙi. Rana ta uku na kasa bi ta bayan gida. Rana ta biyar na daure na shiga da hantsi, na ɗaga allon daɓe, na leƙa. Cikinsa ya bushe ƙayau, kuma a gefen dama, tsakanin falanki biyu, na ga haske siriri kamar zare. Na zauna a kan ɗan gadon nan. Shekara biyu da rabi mutumin nan bai yi fashin kwana ɗaya ba, ni kuma kwana biyar sun ishe ni in kashe masa shi.

Da yamma ina zaune ina kallon Gwaggo tana yi wa yarinyar wanka a makewayi. Tana tsoma ganyen darbejiya a ruwan zafi tana fyaɗa mata, ruwa yana gangarowa, yana bi ta rariya, ƙasa tana shanyewa. Tukunya guda cur, sau biyu a rana, tana tafiya a banza. Sai dabara ta faɗo mini, kuma wallahi a lokacin na ɗauka ban taɓa yin tunani mai kyau irinsa ba. Jirgin yana da ɗaki, yana da ƙofa, yana cikin katanga. Daɓensa alluna ne masu rata. In aka yi wankan a ciki, ruwan zai sauka daidai inda Malam yake zubawa.

Na yi zaton Gwaggo za ta ƙi. Ta je ta zagaya shi, ta hau takun nan uku, ta rufe ƙofa ta buɗe, ta taɓa tagogin. Ta fito ta ce, "Iska ba ta shiga. Ya fi makewayinku." Sannan ta ce, "Yau dai ɗan'uwana ya ƙera abu mai amfani." 'Yata ce ta yi ta noƙewa, tana cewa, "Inna, in Baba ya ji fa?" Na ce Babanta ruwa ya ce a zuba, bai ce daga ina ba. Na faɗa da ƙarfi don in ji ko ni ma zan yarda.

Haka muka koma. Safe da yamma ina tafasa ruwa a gindin tsamiya, ina miƙa wa Gwaggo a bokiti, tururi yana fita ta tagogin nan masu zagaye. Jaririya ma a ciki ake yi mata nata, a kan gadon da aka yi domin Alhaji. Cikin kwana uku hasken nan ya ɓace, falanki ya kumbura ya haɗe. Jirgi yana samun ninkin abin da Malam yake ba shi, mai jego tana samun cikakken wankanta, rijiya ba ta ƙara ko guga ɗaya ba. Na riƙa yawo a gida ina jin kaina. Har na shirya yadda zan ba shi labari in ya dawo, da inda zan tsaya in bar shi ya yaba mini.

Wajen kwana goma sha biyu da fara haka, akuya ta tsinke ta shige ƙarƙashin jirgin, na durƙusa in jawo ta. Ƙasan ramin a jiƙe yake. Na ɗaga kai, sai na ga kwalta tana ɗiga baƙa daga tsakanin falanki, ta yi tsayi ta daskare, ga abawa ta leƙo tana reto. Na sa hannu na shafa cikin jirgin daga waje. Da ɗumi. Sannan na ji falanki ɗaya ya fi ɗan'uwansa tudu, ya ɗan miƙe, kan ƙusa ya nutse a cikinsa.

A durƙushen nan na tuna rabin duro. Ni na hura wutar, ni na tafasa ruwan da aka lanƙwasa katakon nan da shi. Da idona na ga yadda ruwan zafi yake sa maɗaci ya yi laushi, na kuma ga yadda ake narka kaki a kan wuta kafin a shafa. Babu wanda ya fi ni sanin wannan a garin in ban da Malam. Amma ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba. Ni dai na ji ruwa, na ga ruwa, na haɗa su.

Daga nan ban ƙara sanin abin da ya kamata in yi ba. In na mai da wanka makewayi, jirgi zai bushe ya buɗe. In na bar shi a ciki, zai ci gaba da narkewa. Na ce wa Gwaggo a riƙa sirka ruwan. Ta ce in ina son in sirka, in je in haifi nawa. Na gwada tara ruwan a baho ya huce kafin a zuba, amma wankan jego ba a cikin baho ake yinsa ba, fyaɗawa ake yi, ya watsu ko'ina. Na kwaɓa makuba, irin wadda muke shafa wa bango don ruwan sama, na kwanta a ƙarƙashin jirgin da zanen aiki, na yaɓe duk inda yake ɗiga. Da ta bushe sai ta zube. Na sake yaɓawa. Malamar makaranta ce guda a kwance a rami tana yaɓe jirgi da makuba, akuya tana kallonta.

Na yi niyyar aika masa saƙo, na rasa me zan ce a faɗa masa. Muka ci gaba da wanka a ciki, ba don na yanke shawara ba, sai don na kasa yanke wata. Kullum da safe in leƙa ƙasa, kullum in ga wani falankin ya ƙara miƙewa. Na daina cin abinci sosai. Gwaggo ta ce da ganin yadda nake ramewa wani sai ya ce ni ce mai jegon.

Saura kwana uku a yi arba'in Malam ya dawo, da la'asar, da rabin buhun gero a kan jakin wani maƙwabcinmu. Ya rame, gemunsa ya yi furfurar da ban san shi da ita ba. Ya sha ruwa, ya ɗauki jikarsa ya yi mata addu'a, ya gaisa da Gwaggo. Ina ta kawo masa zance, na gona, na makaranta, na wanda ya mutu da wanda ya yi aure. Ya saurara har na ƙare, sannan ya tashi ya nufi bayan gida. Na bi shi.

Tukunyar wankan yamma tana kan wuta a gindin tsamiya. Ya dube ta, ya dubi jirgin. Ya hau ya buɗe ƙofa, warin darbejiya da sabulun salo ya fito ya tarye shi. Zanen 'yarsa yana shanye a kan gado. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya sauko, ya tuɓe riga, ya kwanta ya shige ƙarƙashi. Ina jin yana ƙwanƙwasa katako da ɗan yatsa, nan da can. Ya fito da guntun makuba a hannu yana jujjuya shi.

Ya ce, "Wannan fa?"

Na ce, "Ni ce."

Na faɗa masa duka, tun daga bokiti huɗu har zuwa akuya. Na so in yi da faɗa, in ce ai shi ya tafi ya bar ni da rijiya busasshiya da yayarsa, amma muryata ta ƙi. Ya zauna a bakin ramin yana saurare, yana murƙushe makubar.

Ya ce, "Kwana nawa yana shan ruwan zafi?"

Na ƙirga na ce ashirin da ɗaya.

Ya ce, "Safe da yamma?"

Na ce safe da yamma.

Ya gyaɗa kai ya ce, "Falanki huɗu ne kawai suka saki. Na ɗauka zai fi haka." Wallahi a muryarsa na ji wani abu kamar alfahari, har na fara sa rai. Na ce, "To zai gyaru?" Ya ce, "A'a. Ƙashin bayansa ya murɗe. Ko da ina da ƙusa ba zai koma ba."

Na fara kuka. Ban yi kuka ranar da albashi ya tsaya ba, ban yi ba ranar da gero ya ƙone a gona, sai ga ni ina yi a kan abin da na shekara biyu ina tsine wa a zuci. Ya bar ni na yi. Da na lafa sai ya ce, yana kallon ƙasa, "Na ga Alhaji."

Na ce, "Ka gan shi?"

Ya ce, "Yana nan da ransa. Yanzu rumfa ɗaya gare shi, shi da kansa yake awo. Ya karɓe ni da mutunci, ya sa aka kawo mini ruwa. Ya tambaye ni mutanen gida. Sannan ya ce, har yanzu ina yin ƙofofin nan masu kyau?"

Na ce, "Jirgin fa?"

Ya ce, "Bai tuna ba, Malama. Ni kuma ban tuna masa ba. Da ganin mutumin, ba ya buƙatar a tuna masa."

Na ce, "Yaushe ke nan?"

Ya ce, "Kwana na uku da zuwana."

Na yi lissafi a tsaye. Tun kafin rijiya ta ragu ke nan. Tun kafin haske a falanki, kafin dabarata, kafin makuba, kafin duk abincin da na kasa ci. Kukan ya tsaya cak, haushi ya taso mini. Na ce, "Motar Dawanau kullum tana wucewa ta bakin hanya. Ba za ka iya aiko da kalma ɗaya ba, ka ce in daina?"

Ya ce, "Na tsayar da direban sau biyu."

Na ce, "To?"

Ya ce, "Sai in ce ya gaishe ku."

Ban san ko in ci gaba da faɗa ba ko in ba shi haƙuri, ko shi ne ma ya kamata ya ba ni. Har yau ban raba wannan ba. Muna nan sai ga Gwaggo ta taho da ganye a hannu, 'yata a bayanta tana ɓoye fuska da mayafi. Gwaggo ta tsaya ta ce, "Ruwa yana hucewa. A ina za a yi?"

Malam ya ce, "Yaya, saura kwana nawa?"

Ta ce uku.

Ya ce, "A ƙarasa a ciki." Ya dubi 'yarsa ya ce, "Shiga mana. Babu wanda ya taɓa amfana da shi sai ke." Sannan ya naɗe ƙafar wando, ya ɗebi ruwan zafin a bokiti, ya hau takun nan uku ya ajiye a bakin ƙofa. Kwana ukun nan shi ya yi ta ɗaukar ruwan, safe da yamma, bai bar ni na taɓa ba.

Aka yi arba'in, mijin yarinyar ya zo ya tafi da iyalinsa, Gwaggo ta ɗaure kayanta. Washegari da asuba na ja ruwa. Na cika randa, na ware na girki, sai na tarar na cika bokiti biyu na ajiye gefe, hannuna ne ya yi ban sani ba. Na ɗauke su na yi taku kaɗan na tsaya a tsakar gida. Malam yana cikin zaure a kan benci, yana rataye ma'aunan mai ɗaki kusa da sauran biyun. Ya gama ƙulla igiyar, ya sauko, ya gan ni a tsaye da ruwa a hannu biyu.

Na ce, "Ina zan kai?"

Ya dubi hanyar bayan gida, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ce, "Ki ba awaki," ya juya ya shiga neman zartonsa, alhali yana riƙe da shi a hannu.